Yadda Lauyan Finafinai Ya Shiga Jinyar Adda

Sallama gare ku, 'yan'uwa. Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma matan layinmu a nan Sintali, cikin Jalingo, sun matsa mini in rubuta abin da ya sami yayata, Adda Mairo, ko wani gidan ya tsira daga abin da ya kusa cin namu. To ga shi nan yadda ya zo mini a baki. In na yi tsawo ku yi haƙuri, ni dama ko kaza ce ta shigo gidana sai na tambaye ta labarin unguwa.

Adda ita ta goye ni. Tun da mijinta ya rasu take zaune a Sunkani, gidan babban wanmu Hamma Bello, tana sana'ar girkin biki. Duk wanda ya ci dafa-dukarta ya san ta, duk wanda ya ji bakinta ma ya san ta. Adda in ta shiga gidan biki, kafin ta sauke mayafi ta riga ta gano miya ta yi ruwa, amarya ta cika hoda, uwar ango kuma zanin aro ta ɗaura. Ni dai tunda na yi wayo ban taɓa jin ta ce wani ya iya abu ba.

Tana da hawan jini, an ɗora ta a kan magani. Da ta ji jiki ya yi daɗi sai ta ajiye, wai mai lafiya ba ya shan ƙwaya. Wannan shi ne abu na farko da nake roƙon ku: maganin hawan jini ba a sallamar sa don an ji sauƙi.

Ta zo Jalingo ne yin girkin sunan wata maƙwabciyarmu. Da hantsi tana juya miya sai ludayi ya suɓuce mata. Ta ɗauka, ya sake faɗuwa. Ta ce, "Dija, hannun nan kamar ba nawa ba." Maganar ta fito kamar da tuwo a bakinta. Na duba, sai na ga bakin ya ja gefe guda.

Nan fa mata suka taru. Wata ta ce iska ce ta buge ta a bakin murhu, wata ta ce baki ne, ai mai sana'a ba ta rasa maƙiya. Aka kawo garwashi aka yi hayaƙi, aka shafa man tafarnuwa, aka aika a karɓo rubutu. Muna nan har la'asar, sai ga Maman Grace, maƙwabciyata da ke aiki a sakatariya, ta dawo daga ofis. Kallo ɗaya ta yi wa Adda ta yar da jaka.

"Ku kuna nan kuna hayaƙi? Hawan jini ne ya buga shi! Ku tare keke yanzu-yanzu!"

A asibiti muka bi layin kati, muka bi layin awo, muka bi layin hoton kai. Likitan da ya duba ta bai yi mana faɗa ba, wanda da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Mama, wannan ciwo da agogo yake tsere. Da safe ya kamata in gan ta." Har yau in na ga agogon bango sai maganar ta dawo mini. Don Allah, in baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a yi addu'ar a cikin keke ana tafiya.

Kwanciyar asibiti kuwa ba sai na faɗa muku ba. Rabin maganin sai an fita waje an saya, benci shi ne gadona, sauro kuma kamar an yi musu gayya. Awakin Adda suka tafi a kuɗin magani, ɗan maraƙin Hamma ya bi su. Amma ba zan manta wata nas ba, 'yar gajeruwa, wadda ke zuwa ta juya Adda da hannunta don kada bayanta ya yi gyambo, tana yi tana tsokanar ta. Da matan da muka yi jinya tare, waɗanda ko ƙosai ɗaya aka kawo wa sai ya zagaya ɗakin. Allah ya biya su.

A mako na uku aka sallame mu, na kawo ta ɗakina. Hannun dama da ƙafar dama sun yi nauyi, magana kuma tana fitowa a karye. Sai 'yan dubiya suka ɓalle. Kun dai san al'adarmu: in an zo gaida mara lafiya, mai jinya ke amsawa, don a hutar da shi. A ce, "Adda, ya jiki?" in ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." In ɗora da yadda ta kwana, da abin da ta ci, da abin da likita ya ce, har da labarin nas 'yar gajeruwa. Ita kuwa Adda ta ja mayafi ta rufe bakinta ta juya ta fuskanci bango. Mu a gidanmu akwai abin da ake kira semteende, kunyar nan ta Fulani, wadda mutum zai gwammace ya mutu da a ga kasawarsa. Ni ina ganin rufa mata asiri nake yi. Kowa ma cewa yake, "Kai, Dija ta iya jinya."

Shawarwari kuwa sun fi 'yan dubiyar yawa. A binne hannun a yashin rafi mai ɗumi. A nemo kitsen damo. A kai ta wurin wani tsoho a bayan dutse wanda ya taɓa tayar da wani direba. Yashin dai mun gwada, bai yi komai ba sai ƙaiƙayi.

Abin da likita ya rubuta mana shi ne gashi, wato motsa jikin nan da ake yi a asibiti. Mai yi mana sunanta Sista Rahila, doguwar mace mai dariya da ƙarfi. Ranar farko ta durƙusa gaban Adda ta ce, "Mama, mene ne sunanka?"

Na ce, "Mairo, amma Adda muke ce mata, don ita ce babba a mata, kin ga mu bakwai ne…"

Ta ɗaga mini hannu. "Ba kai na tambaya ba. Kai bakinka lafiya yake, har ya yi yawa." Sannan ta ce, "Ku ji. Baki da hannu kamar hanyar gona ne. In ba a bi, ciyawa zai rufe. Kuma watannin farkon nan su ne damina. In ya rufe yanzu, buɗewa sai Allah."

Na ji maganar, na kuma yarda da ita. Amma da mun dawo gida aka yi sallama, kafin in ankara bakina ya riga ya amsa.

Ba mu daɗe da fara gashin ba, ranar nan muna kan layi sai ga wata Hajiya da Adda ta taɓa yi wa girkin auren 'yarta. Ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo, Mairo, ke ce kika koma haka?" Daga ranar Adda ta ce ta gama. In na kawo mayafin fita sai ta ture da hannun hagu. Da Hamma ya zo duba ta, ta kama bakin rigarsa ta fitar da kalma ɗaya: "Sunkani."

Hamma ya ce to, da ya gama yankan shinkafa zai zo da mota ya ɗauke ta. Na san ɗakin da za a sa ta, na can ƙurya kusa da rumbu. A nan wata goggonmu ta kwanta da irin wannan ciwo, ba gashi, ba magana, ana tura mata kunu ana ja mata ƙofa, har Allah ya karɓi abinsa. Na roƙi Adda, na yi kuka, na yi fushi. Bango kawai take kallo.

To a nan ne wannan bawan Allah ya shigo gidanmu, ta wayar Maman Grace.

Ita Maman Grace in ta taso daga aiki takan zo ta zauna wurin Adda don in samu in ɗora tukunya. Rannan ina tankaɗe a ƙofar ɗaki sai na ji muryar namiji daga wayarta, a natse, kamar mai ba da labari a gindin bishiya. Na ce, "Wa'azi ne?"

Ta ce, "Ina! Wani ne a intanet. Fim da kowa ya zaga, shi sai ya ɗauko ya nemo abu mai kyau a ciki. Zo ka gani."

Na zo da rariyata a hannu. Wani siriri ne mai tabarau, zaune gaban labule. Ya ɗauko wani fim da ni ma na taɓa gani na yi dariya: ana ruwan sama a kan jarumin, amma gefensa ƙasa a bushe, kana ganin tiyo ne, uwar kuma ta fi ɗan nata yarinta. Sai ya ce laifin fim ɗin kowa ya riga ya faɗa, an gama wannan aikin, shi abin da ya rage yake nema. Ya tsayar da hoton, ya mayar baya, ya ce, "Ku dubi nan." Wata mata ce aka yi wa saƙon mutuwa, tiren shinkafa ya faɗi daga hannunta. Ta yi kukanta, sannan tana kukan ta durƙusa tana tsince shinkafar. Ya ce ba wanda ya rubuta mata wannan, ita ce dai ta san mace ba ta barin abinci a ƙasa ko da duniya ta tashi.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na kalli fim ɗin nan da idona, ban ga wannan ba.

Daga nan fa tambayoyi suka hana ni sakat. Wane ne shi? Hausarsa dai ta wajen Katsina ce, na ji yana cewa "shina" maimakon "yana". A bayansa ina jin keken ɗinki yana tsayawa yana tashi, da kukan tantabaru, na ce to gidan haya ne, kuma akwai tela a gidan. Biyan sa masu fim suke yi? Maman Grace ta ce da biyan sa ake yi da ya canza labulen nan. To haka yake a gida? In matarsa ta ƙona tuwo, sai ya tsaya ya yabi ƙanzon? Kuma ta yaya ido yake koyon wannan? Haihuwar mutum ake yi da shi, ko kuwa sai duniya ta dake shi tukuna? Muna ta musu, ni da Maman Grace, sai na ji wani sauti daga wajen bango.

Tsaki ne. A karkace ya fito, amma tsakin Adda ne, ko cikin kasuwa na ji shi zan gane.

Na ce, "Adda, magana kike?"

Ta daɗe tana kokawa da harshe, sannan ta ce, "Lau…ya."

Maman Grace ta fashe da dariya har da tafi. "Gaskiya ne! Lauyan fim ne, ba ya barin a ɗaure kowa!" Sunan da ya bi shi ke nan a gidanmu.

Na sa ta saka mini shi a wayata. Data kuwa ya sha ta kamar rijiyar rani, wannan ƙorafi ne da ba zan fasa yi ba. Amma kullum da hantsi in na gama shara sai in kunna, in jingina wayar da filo. Da farko Adda bayanta take ba shi. Sannan ta fara juyowa rabi. Kafin mako ya zagayo tana kallo sosai, in ya yabi abu ta kaɗa hannun hagu, wato ƙarya ne. Ni ina murna ko ba komai ta sami abokin faɗa. Amma gashi dai ta ƙi, shinkafar Hamma kuma tana ta nuna.

Sai ranar da ya ɗauko wani fim na biki, wanda har a wurin ɗinki na ji mata suna yi masa dariya. Ya yabi yadda uban amarya ya yi shiru a bakin ƙofa, ya wuce. Sai Adda ta hau dukan tabarma. "Baya. Baya!"

Na mayar. Ta nuna can ƙuryar hoton, inda ba wanda zai kalla. Wata mata ce a bakin tukunya. Ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, ta ɗan yi jim. Ba ta ɗauki gishiri ba. Sai ta sunkuya ta zare itace ɗaya daga murhu.

Adda ta ce, "Ta… iya."

Na saki baki. "Adda! Ke ce yau kika yabi ɗan Adam? Bari in leƙa waje in ga ko rana ta fito daga yamma."

"Rufe… baki."

Shi Lauya a ƙarshen kowane shiri yakan ce duk wanda ya ga wani alheri da ya tsallake, ya turo masa da murya. Da ya faɗi haka sai Adda ta nuna wayar da haɓa. Na ce, "Yauwa, bari in gaya masa." Na danna, na yi sallama, na fara bayanin ko ni wace ce da inda muke zaune, sai na ji duka a cinyata.

"Ni," in ji Adda.

'Yan'uwa, na yi naƙuda, na yi jinyar uwa, amma ban taɓa aiki mai wuyar riƙe wayar nan da bakina a rufe ba. Ina ganin kalmar tana maƙale mata, na san ta, tana kan harshena, sai in cije leɓe. Da ta gama na kunna mata ta ji. Ashe tunda ta kwanta ba ta taɓa jin muryarta daga waje ba. Ta saurara, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Wa… ce wannan?" Ta ja mayafi ta koma wa bango. Ranar ko kunu ba ta sha ba.

Na ce shi ke nan, na ƙarasa ɓata abin. Washegari ina wanke-wanke ina ta juya maganar, sai na ce to, ni ma bari in gwada aikin mutumin nan, in ya so ta zage ni. Na shiga na zauna a bayanta na ce, "Adda, laifin muryar dai kin riga kin ji, ba sai na ƙara ba. Amma ji nan." Na kunna, na tsayar, na mayar baya. "Kin ji 'gishiri'? Tas ya fita, kamar ranar da kike yi wa matar Hamma faɗa. Ji 'tukunya'. Ita ma ba abin da ya same ta. 'Itace' ne kawai ya ƙi, shi da 'murhu'."

Na sake kunnawa. Sai na ga kafaɗarta ta motsa.

"Sake," ta ce.

Na sake. Ta gwada "itace" a hankali, ya karye. Ta sake, ya karye. Ta yi tsaki. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Gashi… yaushe?"

Da muka koma, Sista Rahila ta riƙe ƙugu ta ce, "A'a, Mama ya dawo! Me ya kawo ka?" Na buɗe baki, na tuna, na rufe. Adda ta ce, "Itace." Sista ta kalle ni, na ce ai sai ta tambayi mai maganar. Haka suka yi ta fama, ita da Adda, da madubi da cokali da wata ƙwallon roba da ake matsawa. Ranar da saƙon ya fita yadda Adda ta yarda da shi, da kanta ta danna turawa, da babban yatsan hannun dama, ina tallafe da gwiwar hannun.

Ana haka shinkafa ta shigo gida. Wata safiya sai ga Hamma da a-kori-kura, an shimfiɗa katifa a baya. Ya shigo ya zauna a kan kujera, ya ce, "Mairo, ya jiki?" Amma ni yake kallo, yadda kowa ya saba.

Na cusa bakin mayafina a baki na danne da haƙori. Ɗakin ya yi tsit, har ina jin mai gyaran takalmi yana kaɗa akwatinsa a layi. Hamma ya fara tsarguwa, ya ce, "Dija, lafiya?"

Sai Adda ta sauke mayafi daga bakinta, karkataccen bakin nan a fili, ta ce, "Da sauƙi, Hamma. Ba… duka ba. Amma da sauƙi."

Hamma ya juya ya kalle ta kamar yau ya fara ganin ta. Ya yi gyaran murya ya ce to madalla, a fito da kayanta, rana na yi.

Ta ce, "Ba ni… zuwa. Ina da gashi… ran Talata."

Sai Hamma ya tashi ya fita, muka ji yana ce wa direba a sauke katifar da buhun sabuwar shinkafa, a shigo da su. Motar haka ta koma Sunkani ba kowa a baya.

Yanzu Adda tana takawa da sanda har bakin ƙofar gida. Hannun bai kai ga riƙe ludayi ba tukuna, kuma Sista ta ce kada mu yi wa kanmu alkawarin da ba mu da iko da shi. Maganin hawan jini kuwa a gabana take haɗiyewa. Shi Lauya har yau bai sa saƙonta a shirinsa ba, ban ma sani ba ko ya ji shi. Ban san sunan unguwarsu ba, ban san ko tela matarsa ce ko maƙwabciya ba, kuma bai san akwai wani ɗaki a Jalingo da ake sa masa albarka ba. Allah ya saka masa, shi da Maman Grace da Sista Rahila, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.

Masu zuwa dubiya kuma, ƙofa a buɗe take. Sai dai in kun shigo kada ku kalle ni. Ita za ku gaisar, sannan ku jira. Tana daɗewa, amma tana amsawa.